Tseren Motoci Na Sakan Huɗu A Amurka, Da Abin Da Mai Sayen Mota Zai Koya Daga Gare Shi

Duk wanda yake harkar mota ko kayan gyaranta tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ya san cewa motocin Amurka suna da yawa cikin waɗanda ake saukewa a Kwatano da Lome. Ciniki kuwa ya koma ta waya, a turo maka hoto da ɗan bayani, kai kuma ka tura kuɗi. To a cikin irin wannan bayani ne wani lokaci ake cin karo da kalmomin da ko bakanike ba kullum yake gane su ba, irin su sitiroka, kam, bulowa da naitiros. Mai talla yana rubuta su ne da alfahari domin ya ƙara wa motarsa daraja, amma ga wanda zai kawo ta ƙasarmu ya sayar, kowace daga cikinsu tana iya zama riba, tana kuma iya zama asara. Waɗannan kalmomi sun fito ne daga wata al'ada ta Amurkawa da suke kira hotrod, da kuma tserensu na gajeren zango mai suna dirag. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware wa masu karatu su tun daga tushe.

Abin ya faro ne a kudancin jihar Kalifoniya cikin shekarun 1930. Samari marasa kuɗi su sayi tsohuwar Ford da araha, su cire mata duk abin da yake ƙara nauyi, su taɓa injin, sannan su nufi busassun tafkunan hamada irin su Muroc su gwada gudu. Motar da ta fi farin jini ita ce Ford ta 1932, domin ita ce ta kawo wa talaka inji mai silinda takwas da aka jera kamar harafin V, mai ƙarfin doki 65. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo gida da ilimin kanikanci, sai abin ya bunƙasa, tsere ya koma kan titunan gari cikin dare, ana ta asarar rayuka, ƴan sanda da jaridu suka sa samarin a gaba. A 1950 aka fara shirya tsere na ƙa'ida a filin jirgin sama na Santa Ana, a 1951 kuma Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA domin a janye yaran daga kan titi. Gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya an yi ta a 1955 a garin Great Bend na jihar Kansas.

Tsarin tseren ba shi da wuya. Mota biyu ne suke jerawa a kan miƙaƙƙiyar hanya, daga tsaye, su ruga tsawon kwatan mil, wato mita 402. Babu kwana, babu zagaye. Wanda ya sha kaye ya koma gida, wanda ya ci ya jira na gaba.

Yadda ake ƙara wa inji ƙarfi

Inji dai numfashi yake yi. Fistin ya sauka ya shaƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Duk dabarun ƴan hotrod ba su wuce abu ɗaya ba, wato a sa inji ya ƙona mai da iska fiye da yadda kamfani ya tsara masa. Wanda ya riƙe wannan, sauran kalmomin ba za su ba shi wahala ba.

Hanya ta farko ita ce a ƙara wa injin ciki. Faɗin ramin silinda shi ne boa, nisan da fistin yake yi daga sama zuwa ƙasa kuma shi ne sitirok. Waɗannan biyu da yawan silinda su ne suke ba da girman inji. Misali yana nan kusa da mu a Fijo 504 da kowa ya sani. Injinta mai sisi 1,796 da mai sisi 1,971 sitirok ɗinsu ɗaya ne, milimita 81, bambancin kawai shi ne faɗin ramin, ɗaya 84 ɗaya 88. Milimita huɗu kacal suka haifar da wannan tazara. Kanikawanmu ma suna kai inji a yi masa boa idan ya tsufa yana shan baƙin mai, sai dai su gyara suke nema, Ba'amurke kuwa ƙari yake nema.

Amurkawa ba da lita suke auna tsofaffin injunansu ba, da inci suke yi, kuma inci 61 na cikin inji shi ne kimanin lita ɗaya. Saboda haka idan an ce maka injin Chevrolet 350, ana nufin lita 5.7 ke nan. Idan aka ɗauki wannan 350 aka faɗaɗa ramukansa kaɗan, aka sa masa karanshaf mai dogon hannu irin na babban wansa 400, sai ya koma 383, kusan lita 6.3. Wannan shi ne sitiroka. Daga waje ba za ka ga bambanci ba, amma ranar da ya buƙaci fistin ko zobe, na 350 da yake cikin shagonka ba zai yi masa ba. Ɗan kasuwa ya lura da wannan.

Hanya ta biyu ita ce matsi. Idan aka ce inji yana da matsi 10 bisa 1, ana nufin fistin yana tattara abin da ya shaƙo ya cusa shi cikin kashi ɗaya bisa goma na wurin. Ana ƙara matsi ta hanyar kankare ƙasan kan inji, wanda kanikawa suke kira tof, ko a sa fistin mai tozo. Ƙarfi yana ƙaruwa, amma injin ya zama mai zaɓen abinci. Idan man ba shi da ingancin da zai jure matsin, sai ya fashe da kansa ba a kan lokaci ba, ka ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, daga nan fistin ya huje. A gidajen man Amurka ana rubuta 87 ga na gama-gari, 91 ko 93 ga mai tsada, kuma lissafinsu ya bambanta da namu, domin 87 ɗinsu ya yi daidai da kimanin 91 a ma'aunin Turai. Injin da aka gina domin 93 bai san man kwalba na bakin hanya ba, kuma ba zai daɗe yana shansa ba.

Sai kam, wato kamshaf, sandar nan mai ƙusoshi da take buɗe bawul tana rufewa. Ƴan tsere suna canza ta da wadda take buɗe bawul sosai, ta kuma bar shi a buɗe na tsawon lokaci. Idan inji ya ɗauki gudu sai ya samu numfashi mai yawa. Amma a tsaye, sai ka ji mota tana tari tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi, ga shan mai, ga yawan mutuwa a cunkoso. Wannan gurnani ne Ba'amurke yake so, har yana ɗaukar sautinsa yana turawa abokai. Direban da zai yi lodin albasa daga Galmi ba abin da zai ƙare shi da shi, domin ƙarfin da yake bukata na ja ne daga ƙasa, shi kuwa babban kam can sama yake kai ƙarfin.

Akwai ƙananan ayyuka da suke tafiya tare da wannan: a goge hanyoyin iska na cikin tof a faɗaɗa su, a sa babban kafireto ko manyan injekta, a cire bututun hayaƙi na kamfani a sa wanda kowace silinda take da nata, shi ake kira heda. A motocin zamani kuma sai an sake wa kwamfutar motar lissafi, abin da suke kira tun. A nan bari mu faɗa wa samarinmu masu babura gaskiya. Fasa salansa kaɗai ba ya ƙara wa mashin wani ƙarfin a zo a gani, ƙara yake ƙarawa, sai kuma tsinuwar maƙwabta.

Hanya ta uku ita ce ɗura. Maimakon a bar inji ya shaƙi iska da kansa, sai a cusa masa ita da ƙarfi, kamar yadda maƙeri yake yi da zugazugi. Zugazugin iri biyu ne. Bulowa bel ne yake juya ta daga jikin inji, shi ya sa tana amsawa nan take, amma tana cin wani kaso na ƙarfin da ta samar. Ita ce ƙatuwar na'urar da ake gani ta ɓullo ta saman bonet a finafinai. Turbo kuwa hayaƙin da yake fita ne yake juya shi, masu Hilux ta gas sun san shi, kuma sun san ba ya wasa da gurɓataccen baƙin mai. Turbon da kamfani ya sa da kansa ba abin tsoro ba ne, domin an gina injin da saninsa. Wanda wani ya liƙa a garejin gidansa shi ne abin dubawa.

Naitiros wata iska ce da ake ɗurawa a kwalba irin ta gas, a ajiye a but. Ita kanta ba mai ba ce. Idan ta shiga zafin inji sai ta rabu ta saki iskar da wuta take ci, wadda ta fi yawa a cikinta fiye da a iskar da muke shaƙa, don haka sai a ƙara mai, ƙarfi ya tashi na ƴan sakanni. Jamusawa sun yi amfani da ita a jiragen yaƙinsu tun a yaƙin duniya na biyu. Ita ce hanya mafi araha ta samun ƙarfi, ita ce kuma mafi saurin kashe inji idan aka yi zari ko man ya gaza.

Wani abu da yake rikita mutane a ɓangarenmu shi ne maganar doki. Dokin da aka rubuta a kart-giris na haraji ne, da shi hukuma take lissafin abin da za ka biya. Dokin da Amurkawa suke magana a kai na ƙarfin inji ne na zahiri. Motar da takardarta ta ce doki 9 tana iya samun sama da doki 100 a wancan ma'auni.

Rukunonin tsere

Tun da ba a haɗa ɗan maraƙi da bijimi a turke ɗaya, NHRA ta raba motoci rukuni-rukuni bisa girman inji, nauyin mota, irin man da take sha da kuma irin ƙarin da aka yarda a yi mata.

Sarkinsu shi ne Top Fuel. Doguwar mota ce siririya, kusan mita 8 tsakanin tayoyin gaba da na baya, gaban da ƙananan tayoyi, bayan da manya marasa zane, da babban fiffike da yake danne ta ƙasa. Injinta inci 500 ne, lita 8.2, an ɗauko fasalinsa daga injin Hemi na kamfanin Chrysler, yana da bulowa, kuma kowace silinda fulogi biyu gare ta. Ana ƙiyasta ƙarfinsa da doki 11,000. Sirrin yana cikin man. Ba fetur take sha ba, wani sinadari ne mai suna naitiromitan, kashi 90 cikin ɗari, sauran kuma mitanol. Kada a haɗa shi da naitiros na kwalba, sunan ne kawai ya yi kama. Fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙona kilo ɗaya, shi kuwa wannan sinadari yana ɗauke da tasa iskar a jikinsa, kilo 1.7 ya ishe shi. Ke nan a numfashi ɗaya inji yana iya ƙona ninkin-ba-ninkin abin da zai ƙona na fetur. A fita ɗaya, daga tayar da inji zuwa ƙarshen layi, motar tana shanye lita hamsin ko fiye. Ba ta da lagireto, ba ta da giya irin wadda muka sani, kulochi ne yake kamawa a hankali. Kafin sakan ɗaya ta wuce kilomita 160 a awa, sannan lema ce irin ta masu dirowa daga jirgi take tsayar da ita. Bayan kowace fita kanikawa su kwance injin gaba ɗaya su sake ɗaurawa cikin kimanin awa guda. Mu da muke yabon inji da cewa ya shekara goma ba a buɗe shi ba, wannan wata duniya ce daban.

Jini ne ya tsara fasalin wannan mota. Da can injin yana gaban direba ne. A 1970 giyar motar Don Garlits ta tarwatse a filin Lions na Long Beach, ta raba motar biyu, ta yanke masa wani sashe na ƙafar dama. Da ya warke sai ya dawo a 1971 da mota mai inji a bayan direba, ya yi ta cin gasa, kowa ya bi sahunsa. A watan Yuni na 2008 kuma Scott Kalitta ya rasu a Englishtown ta jihar New Jersey bayan motarsa ta kama wuta ta kasa tsayawa. Daga nan aka rage wa motoci masu shan wannan sinadari tsawon tseren zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305. Duk da haka gudun bai ragu ba. Brittany Force ta cinye wannan tazara cikin sakan 3.623 a 2019, a 2025 kuma ta wuce mil 340 a awa, wato kusan kilomita 550. Ba ita ce mace ta farko ba a wannan fage, domin Shirley Muldowney ta ɗauki kambun Top Fuel sau uku, a 1977, 1980 da 1982.

Funny Car injinta irin na Top Fuel ne, sai dai gajera ce, injin yana gaban direba, an kifa mata jiki mara nauyi mai kama da motar kasuwa wanda ake ɗagawa ɗungurungum kamar murfin akwati. Sunan, wanda yake nufin mota mai ban dariya, ya samo asali ne a tsakiyar shekarun 1960 lokacin da aka riƙa matso da tayoyi gaba domin nauyi ya koma baya, motocin suka zama wasu iri. John Force, mahaifin Brittany, ya ci kambunta sau 16.

Pro Stock ita ce ta fi burge kanikawa na gaske, a ganinmu, domin a nan an hana ɗura. Babu bulowa, babu turbo, babu kwalba, fetur ne kawai da inji mai inci 500, amma suna cinye mita 402 cikin kimanin sakan shida da rabi. Tun 2016 aka sa su barin kafireto suka koma injekta. Pro Mod kishiyarta ce, an yarda da bulowa ko turbo ko naitiros, kowa ya zaɓi nasa, hukuma tana daidaita su da nauyi. Akwai kuma rukunin babura da suke kai kilomita 320 a awa.

Waɗannan duka na masu kuɗi ne da kamfanonin da suke ɗaukar nauyinsu. Yawancin masu tsere a Amurka talakawa ne, makaniki, manomi, direban tirela, kuma an yi musu wata dabara da ta hana mai kuɗi cinye su. Kowa zai rubuta a gilashin motarsa lokacin da yake ganin zai yi. A ce wani ya rubuta sakan 14, abokin karawarsa ya rubuta 11. Sai a ba mai 14 fitilar tashi sakan uku kafin ɗayan, ta yadda idan kowa ya cika alƙawarinsa za su iso tare. Wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi, ko da shi ya fara isowa. Ke nan sanin halin motarka da saurin tashi su ne suke ci, tsohuwar motar cefane tana iya kayar da mai doki dubu. A wasu rukunonin hukuma ce take yanka lokacin: Super Comp sakan 8.90, Super Gas 9.90, Super Street 10.90. Stock da Super Stock kuma na motocin kamfani ne da aka taƙaita abin da za a taɓa a jikinsu, ana raba su bisa nauyi da ƙarfin inji. Har yara suna da nasu ƙananan motoci tun 1992, a kan rabin tazarar manya, yanzu daga shekara 5 zuwa 17.

Fitilar tashin, wadda aka fara amfani da ita a 1963, doguwar sanda ce mai ƙwayaye a tsakanin motocin biyu, rawaya su fara, kore ya biyo baya. Wanda ya motsa kafin kore, ja ta kama, ya fita. Hayaƙin da ake gani kafin a jera kuwa ba burga ba ce kawai, direba yana murza tayoyin baya ne domin su yi zafi su manne da kwalta.

Dokokin kariya na wannan ƙungiya suna da amfani ga mai saye, domin suna barin shaida a jikin mota. A ƙa'idarsu, motar da ta yi ƙasa da sakan 14 sai direbanta ya sa hular kwano, tsohuwar motar da ta yi ƙasa da sakan 11 da rabi sai an walda mata ƙarfen kariya a bayan kujera, wadda ta kai kilomita 240 a awa kuma sai da lema. Saboda haka idan hoton da aka turo maka ya nuna bututun ƙarfe a cikin Mustang ko Camaro ko Charger, ka san ta ga filin tsere, kuma kilomitocin da agogonta ya nuna ba su faɗi wahalar da injin ya sha ba. A sa wanda yake can ya ɗaga kafet na but ya duba ko akwai ramukan da aka ɗaure kwalba, ya duba ko an ƙara wasu agoguna kusa da sitiyari, ya leƙa ƙasa ya ga ko an yanke abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi. A tambayi mai ita ko an taɓa kwamfutar, da kuma lambar man da aka saita ta a kai, sannan a nemi ya haɗo da kayan kamfani na asali da ya cire idan suna nan, domin da su ne bakanike a Maraɗi ko Damagaram zai iya mayar da ita yadda za ta sha man da muke da shi.